Wa Ya Kwance Ɗamarar? Lacca a Kan Kalma Ɗaya Mai Fuska Biyu

Na gode da kuka baro harkokinku kuka zo sauraron magana a kan kalma guda tak, kuma ba ma ta harshenmu ba.

Wani ɗalibina ne ya jawo wannan zama. Ya zo mini da jaridu biyu na Ingilishi, ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya a kowacce. A ta farko ana maganar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suna karɓe bindigogi daga hannun 'yan tawaye. A ta biyu ana yabon murmushin wata baiwar Allah. Kalmar da aka yi amfani da ita a wuri biyun ita ce disarming. Ya ce mini, "Malam, ko dai mai buga jaridar ya yi kuskure? Me ya haɗa bindiga da murmushi?" Na ce masa babu kuskure, ya ba ni mako guda. Makon nan ya zama wata uku, ga shi yau na zo da amsar a gaban jama'a.

Asalin kalmar ba shi da wuya. A Latin, arma na nufin kayan yaƙi. Ɗan guntun da ke gabanta aikinsa warware abin da aka yi. Ingilishi daga Faransanci ya aro ta, saboda haka duk wanda ya yi lakwal a garin nan na Zinder ya riga ya san ta da wata riga: désarmement a labaran rediyo, désarmant kuma idan ana maganar murmushi ko gaskiyar yaro ƙarami. Ma'ana ta biyu daga ta farko ta fito. Ka taso da fushi, ka shirya maganganun da za ka yaɓa wa mutum, ka iso, ya tarbe ka da wata irin fuska, sai ka nemi fushin ka rasa. Bature ya ce an karɓe maka makami. 'Yan'uwan kalmar a harshensu sun rabu gida biyu: wasu na barikin soja, wato janye dakaru da sallamar mayaƙa da rage makamai, wasu kuma na zaman hira, wato jan hankali da shiga rai. A gida na biyun akwai charm, wadda ta fito daga carmen na Latin, waƙa ko kalmomin da ake tofawa. Shi ya sa har yau kalmar take nufin laya, take kuma nufin farin jini. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma farin jini hali ne, kuma magani ne da ake zuwa nema wurin malam ko boka.

To mu me muke cewa? Kowa a nan ya sha ji a rediyo: kwance ɗamara. Ina so ku tsaya a kan wannan, domin a ganina mun fi Bature dacewa da kalma. Shi hannu ya duba, ya ga abin da ke riƙe a ciki. Bahaushe ƙugu ya duba. Ɗan kokawa kafin ya shiga fili sai ya ɗaura ɗamara. Maharbi haka. Mace idan aikin biki ya taso, ko kuwa rigima ta taso, sai ta ci ɗamara da gyalenta, kuma duk gidan an san yau ba wasa. Soja da jandarma da ɗan sanda muna ce musu masu ɗamara, ba mu ce masu bindiga ba, masu bindiga wasu ne daban, Allah ya raba mu da su. Ɗamara ba ta yanka, ba ta harbi. Alama ce ta niyya. Mutum zai iya ajiye takobi ɗamararsa na nan daram, zai kuma iya kwance ɗamara takobin na rataye a ɗaki.

Harshenmu ma gaba ɗaya yana son ɗauri da kwancewa. Mai fushi ya ɗaure fuska, mai fara'a ya saki fuska. Baƙon da ya amince da masauki ya saki jiki. Abin mamaki ya ɗaure kai, mai goyon baya ya ɗaure gindi. Aure ma ɗaura shi ake yi, kuma kun san sunan abin da ke kashe shi. Idan kuka haɗa waɗannan za ku ga hanyar da murmushi ke bi ya kai ga bindiga a Hausance: wani ya saki fuska, kai ka saki jiki, ɗamara ta kwance.

Amma akwai abin da kalmar Ingilishin take ɓoyewa, Hausa kuwa ba ta yarda a ɓoye shi. Dole ka faɗi wanda ya kwance. "Ya kwance ɗamara" daban, "an kwance masa ɗamara" daban, "ya sa shi ya kwance ɗamara" kuma daban. Na farko ganin dama ne. Na biyu fin ƙarfi ne. Na uku shi ne aikin fuska da harshe. Tarihin ƙasar nan ya ga duka ukun.

Damagaram, wato ƙasar Zinder, ba ƙasar da aka sani da sakin jiki ba ce. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin da ya haura shekara talatin, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garin nan. Ku yi tunanin wannan: igwa ƙirar gida, a ƙasar da a da take kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan, ya yi littafi guda a kan Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo da sunan Tanimu. Sarki Ahmadu Kuran Daga, da ya hau a 1893, ya gaji wannan ƙarfi har ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. Sunansa kaɗai ya isa bayani.

A daidai wannan lokaci, can Turai, an riga an fara kwance wa Afirka ɗamara a takarda. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a babban yankin Afirka, kuma Damagaram na ciki. Niyyar da aka rubuta mai kyau ce. Sakamakon kuwa shi ne, lokacin da sojan Nasara ya iso da bindiga mai cin harsashi da yawa, wanda ya tarar yana ɗura tasa ta baki.

Yanzu ga labarin da ya sa na ce kalmar nan kamar don Zinder aka yi ta. A watan Afrilu na 1898 wani kyaftin na Faransa, Cazemajou, ya iso garin nan da 'yan tsirarun sojoji. Hanyarsa ta gabas ce, yana neman ya sadu da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. An karɓe shi, an ba shi masauki, ya yi wajen mako uku. Ran 5 ga Mayu ya tafi ganawa da Sarki Ahmadu, shi da tafintansa Olive, sojojinsa na can masauki. Ba su dawo ba. An kashe su, aka jefa gawarwakin a rijiya.

Ban zo nan don in yanke wa Sarki Ahmadu hukunci ba. Sarkin da ke da Rabe a gabas, ya ga baƙo mai bindiga zai wuce ya ƙulla abota da shi, yana da dalilin rashin barci. Abin da ya shafi laccarmu shi ne: babu wanda ya ƙwace wa kyaftin ɗin makami. Da ƙafarsa ya taka ya bar sojojinsa a baya, saboda mako uku na kyakkyawar tarba sun sa ya saki jiki. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma mu ne kuma muke cewa ana dariya ta ciki na ciki. Kalmar da ɗalibina ya ja wa layi tana ɗauke da wannan shakkar ko a Ingilishi. Idan suka yaba murmushin mutum da ita, yabo ne, amma da ɗan gargaɗi a ƙarƙashinsa: ka lura, tsaronka ya faɗi ba ka sani ba.

A nan Hausa ta yi arziki har ya yi mata yawa, kuma mai fassara sai ya yi hattara, domin kalmomin ba ɗaya suke ba. Fara'a a fuska take, ana ganinta, kuma ana iya aro ta na yini guda. Farin jini ba a fuska yake ba. Akwai mai farin jinin da ba ya ko dariya, mutane dai kawai suna son sa, shi ma bai san dalili ba. Kwarjini kuwa wani abu ne daban, kuma na sha jin ana musanya shi da farin jini a rediyo, abin yana damuna. Mai farin jini kana so ka matsa kusa da shi. Mai kwarjini kana zuwa gabansa sai ka ji maganar da ka shirya ta maƙale, idonka ya sauka ƙasa. Dukansu suna kwance ɗamara, amma ɗaya da so, ɗaya da nauyi. Duk wanda ya taɓa shiga fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, ya ji algaita da kakaki, ya ga dogarai, ya san fada ba farin jini take nema ba.

Daga nan sai a gangaro wajen kalmomin da Bahaushe ke yi wa kallon hadarin kaji: daɗin baki, romon baka, kissa, lallami. Mai daɗin baki ba a ce maƙaryaci ne ba, amma ba a ba shi ajiya. Muna ma da wata magana da ta juya hoton Bature a kansa: idan mutum ya yabe ka, ya ambaci iyayenka da alherinsu, har ka kasa ce masa a'a, sai ka ce ya ɗaure ka da jijiyoyin jikinka. Su sun ce an kwance ka, mu mun ce an ɗaure ka, kuma abu ɗaya ake nufi. Akwai kuma siyasa. Yaran yanzu sun ɗauka jam'iyya da ƙuri'a ce kawai, amma tsofaffi idan suka ce "bi shi da siyasa", lallaɓawa suke nufi, a sauko da mai zafin kai ba tare da an karya shi ba.

Ban manta da kayan tsaron gargajiya ba, domin a can ne ma'anonin biyu suka haɗu a abu ɗaya. A zamanin da, mayaƙi bai dogara da takobi kaɗai ba. Yana da guru a ƙugu, kambu a damtse, layu a wuya. Akwai maganin ƙarfe, irin na 'yan tauri, wanda aka yi imani wuƙa ba ta kama mai shi. Akwai kau-da-bara, don kibiya ta kauce. Akwai layar zana da baduhu, don a ɓace wa ido. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne sagau: abokin gaba ya ɗaga hannu zai sara, hannun ya sage a sama. Makamin na hannunsa, ba wanda ya karɓa, amma ya zama banza. Ko kun yarda da aikinsa ko ba ku yarda ba, wannan tsakaninku da malamanku ne. Ni dai a matsayina na mai bin kalmomi, ban san wata kalma a duniya da ta haɗa laya da kwance ɗamara kamar wannan ba. Da za a bar ni, murmushin baiwar Allahn nan ta jarida sagau zan kira shi.

Mu koma tarihi. Faransawa sun dawo. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, yamma da nan, rundunar Damagaram ta karye, aka shiga Zinder. Sarki Ahmadu ya fita, aka bi shi aka kashe a watan Satumba. Aka gina bariki aka sa masa sunan Cazemajou, wanda bayan mulkin kai aka sauya masa suna zuwa Tanimu. Wannan shi ne "an kwance masa". Igwa ta yi shiru, dawakin yaƙi suka koma na hawan salla.

Shin ɗamarar ta kwance? Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1906, Faransawa suka ce sun gano shirin tayar musu a garin nan. Suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa, wanda su da kansu suka naɗa, suka kai shi Kwaddibuwa, aka kama manyan gari har da attajirin nan na Zango, Malam Yaro. Suka ɗora wani da ake kira Ballama a kan gari, sarautar ba ta dawo gidanta ba sai 1923. A wannan shekara ta 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, talakawa masu gatari da fartanya suka karya rundunar Ingilishi a watan Fabrairu, kafin a dawo a shafe garin. Mutanen Satiru ba su da makamin da za a ƙwace musu. Ɗamara kawai gare su. Mai mulkin da ya ƙirga bindigogin da ya tara a sito ya ce ƙasa ta kwanta, hannu ya ƙirga, bai duba ƙugu ba.

Zamaninmu ma ya ga irin wannan. Ran 24 ga Afrilu 1995 gwamnatin Nijar da 'yan tawayen arewa suka sa hannu a kan sulhu a Yamai, ranar da har yau muke hutu dominta. Ran 25 ga Satumba 2000, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka tara makamai a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a, kamar yadda Mali ta yi a Tumbutu a 1996. Abu ne mai kyau, kuma ba na raina shi, domin mutane da yawa sun kwance da zuciya ɗaya, wasu sun shiga aikin soja, wasu sun koma gida. Amma a Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, sabon tawaye ya tashi, bai lafa ba sai 2009. Wuta tana cin ƙarfe da katako. Ƙorafin da ya sa aka ɗauki bindigar, na rabon arzikin ƙasa da aikin yi, ba ya shiga wuta.

Saboda haka, 'yan'uwana na rediyo, roƙona gare ku ƙarami ne. Idan soja suka kai samame suka tattara bindigogi, ku ce an ƙwace makamai, ko an karɓe. Idan mayaƙa suka fito da kansu, ku ce sun ajiye makamai. Idan an ci su da yaƙi ne, ga miƙa wuya, ga saranda da muka aro. Idan an dakata ne kawai, tsagaita wuta ce, kuma mai tsagaitawa ɗamararsa na ƙugu. Ku adana "kwance ɗamara" don ranar da ta cancanta. Kalma ce babba, idan kuna kashe ta a kan kowane buhun bindiga da aka nuna wa 'yan jarida, ranar da abin gaske ya zo ba ku da abin faɗi.

Ba sai mun je Agadas ba ma. A cikin garin nan muna da samarin da ake kira 'yan pale, a Kara-Kara da wasu unguwanni, masu ɗaga ƙarfe da yawo da adda, irin waɗanda Kano ke kira 'yan daba. An sha kama su, an sha karɓe wuƙaƙe, wuƙa kuwa a kasuwa take. Aïcha Macky, 'yar garin nan, ta shiga cikinsu da kyamara ta yi fim mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Wanda ya kalle shi ya ga ƙattin da gari ke tsoro suna zaune suna faɗin abin da ke cikinsu. Ba ta karɓi addar kowa ba. Ta zauna ne ta saurara har suka saki jiki, kuma ba ta ci amanar sakin jikin ba. Ga bambancinta da abin da ya faru a 1898: hanya ɗaya ce, abin da ke jiran mutum a ƙarshenta ne ya bambanta.

Akwai wata dabara kuma da kakanninmu suka bar mana, wadda a 2014 hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar: wasan barkwanci, ko taubasantaka. Babarbare da Bafulatani, Bagobiri da Bazabarme. Mutum ya tare ka a kasuwa ya ce kai bawansa ne, maganar da a bakin wani za ta jawo jini, kai kuwa dole ka yi dariya ka rama. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni a kan tsohon yaƙi aka gina su. An ɗauki ainihin kalmomin gaba, an cire musu kaifi, an bar mutane suna wasa da kuben. Ba a ƙona komai ba, ba a sa hannu a takarda ba, amma ga shi ya shekara ɗari yana aiki.

Ɗalibina yana nan a zaune, ga shi can baya yana ɓoye fuska. Amsarka ita ce: a jarida ta farko ka rubuta "suna karɓe makaman 'yan tawaye", kada ka ce sun kwance musu ɗamara sai ka ga shekara goma ta wuce lafiya. A ta biyu ka rubuta "murmushinta mai kashe jiki ne", ko "mai sa a saki jiki", gwargwadon yadda ka fahimci niyyar marubucin game da ita.

Na kuma hango baƙonmu da ya taso tun daga Kano, a layi na biyu, tun da na ambaci Kuran Daga yake gyara zama. Alhaji, kwantar da hankalinka, yau ba mu fito da igwa ba. Idan an tashi ka biyo ni gida, akwai tuwo, kuma a matsayinka na bawanmu kai za ka ɗauko mini jakar nan. Shugaban zama, na mayar maka da magana, a buɗe fili ga masu tambaya.